Maganin Bt da tsutsar tumatir a Kura da Bunkure: shin yana da illa ga manomi da mai ci?

A rani na shekarar 2016, tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa suna Sharon, ta far wa gonakin tumatir na Kura, Bunkure da Garun Malam, yankin da ke shan ruwan Madatsar Tiga. Farashin tumatir ya tashi a faɗin ƙasa, kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki 'yan watanni bayan buɗe ta.

Tun daga lokacin, manoma da dama suka ƙara yawan feshin magunguna masu guba. Sai dai tsutsar takan shige cikin ganye da 'ya'yan tumatir inda feshi ba ya isa sosai, tana hayayyafa sau goma zuwa sha biyu a shekara, kuma takan saba da magani cikin sauri. Gubar kuwa tana iya shiga jikin mai feshi da ruwan magudanu, ta kuma bi tumatir har kasuwar Kwanar Gafan.

Shi ya sa masana ke ba da shawarar maganin Bt. Ana yin sa ne da wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis da ke rayuwa a cikin ƙasa. An gano ta a Japan a 1901, aka fara sayar da ita a matsayin maganin ƙwari a Faransa a 1938. Ƙwayar tana samar da wani furotin wanda ba ya aiki sai tsutsa ta ci shi. A hanjin tsutsar yake narkewa, ya manne wa bangon hanjin ya huda shi, sai ta daina cin ganye ta mutu cikin 'yan kwanaki.

Cikin ɗan adam yana da tsami da ke lalata wannan furotin, kuma hanjinsa ba shi da mahaɗar da furotin ɗin ke kamawa. Nau'in da ake fesa wa tsutsotsi ba ya kashe ƙudan zuma da yawancin ƙwarin da ke cin ƙwan Tuta. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna ana iya amfani da Bt ba tare da fargabar haɗari ga mutane da dabbobi ba.

Duk da haka akwai abin lura. Bt dangi ne na kusa ga Bacillus cereus, ƙwayar da ke iya lalata abinci ta jawo gudawa, don haka wanke tumatir kafin ci wajibi ne, kuma mai feshi ya rufe hanci da idanu. Hasken rana yana kashe ƙarfin maganin cikin 'yan kwanaki, saboda haka da yamma ake fesa shi, a kuma maimaita, tun tsutsar tana ƙarama. Ajiye shi a shago mai zafi yana rage ingancinsa. Dogaro da shi kaɗai ma yakan sa ƙwari su saba da shi, kamar yadda aka gani ga tsutsar kabeji a Hawayi ta Amurka a 1990.

Saboda haka Bt yana aiki ne a cikin tsarin haɗa dabaru: kafa tarkon ƙamshi don sanin lokacin da ƙwarin suka iso, rainon dashe a ƙarƙashin raga, ƙone ragowar shuka bayan girbi, da sauya amfanin gona.

Wannan tsari yana buƙatar malamin gona da zai koyar da shi, da hukumar da za ta tabbatar cewa abin da ke cikin kwalba shi ne aka rubuta a jikinta. Rajistar magungunan ƙwari tana hannun NAFDAC, aikin malaman gona a Kano kuma yana hannun KNARDA. Su ne ya kamata matasan Kura da Bunkure su tambaya: malaman gona nawa ne ke zagaya gonakin rani, kuma yaushe aka binciki shagunan maganin feshi na yankin?