Ranar da gwanin tseren keke ya koma maƙeri a gindin dutsen Tourmalet

Duk mai hawa dutsen Tourmalet da keke ta ɓangaren gabas sai ya ratsa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, a kudancin Faransa. A jikin bangon wata tsohuwar maƙera da ke ƙauyen akwai allon tunawa da abin da ya faru ranar 9 ga watan Yuli na 1913, lokacin tseren zagaya Faransa, wato Tour de France.

Zangon ranar mai tsawon kilomita 326 ne, daga Bayonne zuwa Luchon, cikin tsaunukan Pyrénées. Tun da duhun asuba aka saki 'yan tsere. A gabansu akwai manyan hawa huɗu: Aubisque, Tourmalet, Aspin da Peyresourde. Tourmalet na da tsayin mita 2,115, ya ɗara ƙololuwar Bagzan ta ƙasar Agadas. Hanyar kuwa ba kwalta, sai tsakuwa da ramuka. Kekunan zamanin ba su da abin canja giya. Mai son sauƙin hawa sai ya sauka, ya kwance tayar baya ya juya ta.

Eugène Christophe, ɗan Faransa mai shekara 28, ya tashi yana na biyu a jimillar lokaci. Wanda ke gabansa, Odile Defraye ɗan Beljiyam, ya gaji ya janye a hanya. Ke nan nasara ta fara leƙo Christophe. Shi da Philippe Thys ne a gaba da suka kai saman Tourmalet.

A gangara ne masifa ta afko. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Dokar da shugaban tseren, Henri Desgrange, ya kafa ta hana kowa taimakon ɗan tsere: wanda kekensa ya lalace, shi zai gyara da hannunsa. Christophe ya saɓa keke a kafaɗa, ya gangara a ƙasa kilomita 10 ko fiye, waɗanda ya bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Da ya isa ƙauyen aka nuna masa maƙera. Sa'ar da ya yi ita ce ya san aikin ƙarfe tun kafin ya shiga tsere. Maƙerin ya so ya karɓi aikin, alƙalan tsere suka hana. Sai ya koma gefe yana ba da shawara da baki kawai. Christophe ya sa ƙarfe a wuta, ya ɗora kan uwar maƙera, ya yi ta duka har wajen awa uku, alƙalai na tsaye a kansa.

Amma duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san mutum ɗaya ba ya riƙe awartaki da masaba kuma ya yi zuga. Wani yaro ne ya ja masa zugazugi. Saboda wannan ɗan taimako alƙalan suka ci shi tarar minti 10, bayan awannin da ya riga ya yi asara.

Bai janye ba. Ya hau keken da ya ƙera, ya haye Aspin da Peyresourde, ya shiga Luchon kusan awa huɗu bayan Thys. A ƙarshe Thys ya lashe tseren, Christophe ya zo na bakwai.

Ƙaddarar ba ta rabu da shi ba. A 1919 shi ne mutum na farko da ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa ta jagoran tsere, amma ana saura zango ɗaya bayan na ranar sai ƙarfen gaba ya sake karyewa a arewacin Faransa, ya ƙare a na uku. A 1922 haka ta kuma faruwa a gangarar Galibier, cikin tsaunukan Alpes.

Christophe ya rasu a 1970 bai taɓa lashe tseren ba. A yau idan keke ya lalace, mota na biye da ɗan tsere da wani sabo, cikin daƙiƙu an musanya masa. Masu yawon keke da ke nufin Tourmalet kuwa har yanzu suna tsayawa a ƙofar maƙerar su ɗauki hoto kafin su fara hawa.