Ma'aunin Ruwa a Kende da Makomar Masu Binciken Sauyin Yanayi

Kende gari ne a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, a bakin gulbin da ya kwaso ruwan Sakkwato da Rima, tafiya kaɗan kafin ya zuba a kogin Kwara. A nan akwai ɗaya daga cikin tashoshin auna ruwa na hukumar NIHSA mai lura da kogunan Najeriya, kamar yadda ake da wata a Jidere Bode a kan Kwara. Lambobin da ake karantawa a waɗannan wurare suna cikin abin da ake dogaro da shi wajen sanin yawan ruwan da ke gangarowa tafkin Kainji. Wannan karatu na ma'auni shi ne matakin ƙasa na wata sana'a da ke bunƙasa a arewacin Najeriya tun wajen 2010, wato binciken yadda jama'a za su zauna da sauyin yanayi, su kuma ci moriyar ruwa da ƙasa da daji ba tare da sun ƙarar da su ba.

Babban abin da ya haifar da bukatar masu wannan bincike shi ne kogin da kansa. Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwanta gurɓatacce da laka, masana na kiran sa farin ruwa. Ta biyu, baƙin ruwa, daga tsaunukan Gini take tasowa, ta daɗe a fadamun Mali, ba ta isowa sai cikin sanyin hunturu. Manomin fadama da masunci da makiyayi duk a kan waɗannan lokuta biyu suka gina lissafinsu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 sai masu auna ruwa suka ga wani abu da ya saɓa wa tsammani: ruwan sama ya ragu a Sahel, amma ruwan da ke kwarara cikin rafuka ya ƙaru. Dalili kuwa, an sare itatuwa, ciyawa ta tafi, fuskar ƙasa ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka sai ya gudu. Rafukan Sirba da Dargol da Gorouwal, da ke zuba a Kwara sama da Yamai, su ne suka fi nuna haka. Da ruwan sama ya fara dawowa, yana kuma sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sai cikar damina ta riƙa zuwa da sauri da tsayi fiye da yadda dattawa suka saba gani.

An ga sakamakon a ambaliyar 2010 a kwarin Rima, da ta 2012, da ta 2020, shekarar da kogi ya kai tsayin da ba a taɓa rubutawa ba a Yamai, ruwa kuma ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi. Ta 2020 ta fi ciwo saboda ta tarar da dukiya a cikin fadama. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a Nuwamba 2015, noman shinkafa ya tashi daga abincin gida ya koma harkar bashi da masana'antun casa. Asarar da a da manomi ke haɗiyewa shi kaɗai, yanzu ta shafi banki da gwamnati, su kuma masu kuɗi suna son a gaya musu da lambobi inda ruwa zai kai.

Dalili na biyu kuɗin waje ne, kuma a gaskiya shi ya fi tsara kamannin sana'ar. Gwamnatin Jamus ta ɗauki nauyin shirin WASCAL, wanda ya buɗe karatun digiri na biyu da na uku a jami'o'in Afirka ta Yamma, ciki har da Minna da Akure da Yamai da Abomey-Calavi ta Benin. Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a 2012, daga baya ta samu tallafin Bankin Duniya. An kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa a 2015, Kebbi na cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa. A 2021 Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi, a ƙarshen shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana neman mai zana taswira daga hoton tauraron ɗan'adam, da mai gwajin ƙasa, da mai zagaya ƙauyuka da takardar tambayoyi, da mai rubuta rahoto. A lokaci guda jihar Kebbi ta samu nata makarantu: jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, sannan ta aikin gona a Zuru. Yaron da ya gama sakandare a Bagudo ko Illo ko Ka'oje ba lallai ne ya wuce jiharsa ba kafin ya karanci labarin ƙasa ko kimiyyar noma.

Amfanin da wannan ya jawo a fili yake a wasu wurare. A 2017 an fitar da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya jure nutsewa cikin ruwa har kusan mako biyu, aikin haɗin gwiwa tsakanin cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi. Halin juriyar daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya aka samo shi, aka shigar da shi cikin iri mai yabanya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana sanar da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, da kuɗin tayar da injin ban ruwa ya ninka, tambayar famfo mai aiki da hasken rana da yawan ruwan da ke ƙarƙashin fadama ta zama tambayar manomi, ba ta malamin jami'a kaɗai ba.

Sai dai yadda kuɗin ke zuwa ya bar rauni a tsakiyar sana'ar. Shirin tallafi shekara uku ne, ko biyar, ko shida. Sauyin yanayi kuwa ba ya bayyana sai an jera ma'auni na shekara talatin ba yankewa. Matashin da aka ɗauka aikin kwantiragi yana koyon na'ura, ya saba da ƙauyuka, jama'a su fara sakin jiki da shi, sai wa'adi ya cika ya koma neman wani shirin a wata jiha. Tafkin Kainji ya taɓa ganin irin wannan. Binciken da aka fara a can tun lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa, cibiya mai ɗorewa. A shekarun 1990 wani shirin Najeriya da Jamus ya ƙidaya jirage da kayan su, ya riƙa auna kifin da ake fitarwa, ya yi aiki da sarakunan ruwa wajen hana jan dala, tarun da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Irin wannan ƙidaya tana cin mai da alawus kowane wata, kuma abu ne da ba kasafai kasafin gwamnati ke ɗauka ba idan mai tallafi ya tafi.

A jami'a ma ma'aunin ci gaba bai dace da bukatar kogin ba. Ana ƙara wa malami girma ne bisa yawan maƙalun da ya buga, kuma ya fi sauƙi ya sauko da bayanan tauraron ɗan'adam daga intanet ya rubuta a ofis, da ya kwana a Zagga ko Lolo yana auna zurfin rijiyoyi. Bayanan sama suna da amfani ƙwarai, amma sai an gwada su da na ƙasa kafin a amince da su. Don haka mai karanta ma'auni a Kende, wanda sunansa ba ya fitowa a kowace maƙala, shi ne wanda idan ya yi fashin wata guda a tsakiyar damina, babu digirin da zai cike giɓin. Albashin malamai da ya kasa bin tsadar rayuwa, da yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, sun sa da dama daga cikin waɗanda aka horar suna kallon ƙungiyoyin waje ko ƙetare.

Iyakar ƙasa ma ta ƙara tata matsalar. Ruwan da ke cinye gona a Bagudo ya ratsa Yamai da Gaya a Nijar da Malanbil a Benin kafin ya iso, kuma manyan cibiyoyin da ke bin sawunsa, Hukumar Kogin Kwara da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, duka a Yamai suke, yawancin aikinsu da Faransanci. Ɗalibin Kebbi da Ingilishi aka koyar da shi. Abin lura shi ne, mutanen wannan iyaka sun riga masana warware matsalar: ɗan kasuwar Tsamiya da na Segbana, masuncin Lolo da na Madekali, suna fahimtar juna da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci. Matashin da ya taso da waɗannan harsuna, idan ya ƙara Faransanci a kan iliminsa, yana da abin da mai zuwa daga Abuja ba shi da shi. Amma rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da tsamin dangantaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, da rashin tsaro a dazuzzukan iyaka, sun sa zirga-zirgar bincike ta yi wuya. Inda mai bincike ke tsoron kwana, sai a koma tambaya ta waya, ko a zaɓi ƙauyen da ke bakin kwalta a ce shi ne wakilin sauran.

Akwai kuma ilimin da ke salwanta saboda ba a ɗauke shi aikin bincike ba. Manoman kwarin Rima sun daɗe da jar shinkafa mai bin ruwa, wadda karanta ke tsawo yayin da ruwa ke hawa. Ba ta kai sabon iri yabanya ba, shi ya sa kasuwa ta ture ta, amma tana rayuwa a zurfin da FARO ba za ta kai labari ba. Sarkin ruwa ya san gurbin da kifi ke ƙwai da lokacin da ake hana shiga, ardo ya san burtali da mashayar da gona ta cinye. Tattara irin jar shinkafar nan da rubuta wannan sani aiki ne na shekaru, kuma ya fi dacewa da ɗan gari. Haka batun mata: su ke turara shinkafa, su ke neman itacen da ake turarawa da shi, su ke ƙyafe kifi, amma namiji baƙo ba ya shiga cikin gida ya tambaye su. Ƙarancin mata masu bincike a yankin yana nufin lissafin itace da ruwan gida yana fitowa da rabi.

Guraben da suka fi yawa a yau su ne na ɗan lokaci: tattara bayanai, zana taswira, sa ido kan shirin tallafi. Waɗanda suka fi ƙaranci su ne na dindindin a kusa da kogi, a Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da hukumar aikin gona ta jiha, da sashen gona na ƙaramar hukuma, inda malamin gona guda ke ɗauke da ƙauyukan da ba zai iya zagayawa ba. Ta hannun waɗannan ma'aikata ne hasashen da aka sanar da Ingilishi a Abuja zai zama shawarar ranar shuka ko ta kwashe hatsi daga rumbun da ke gangare. Madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa sama da Yamai, idan ta kammala, za ta sake sauya lokaci da yawan ruwan da ke isowa Bagudo, kuma ba za a iya sanin girman sauyin ba sai da jerin ma'aunin da aka riƙe tun kafin a tare ruwan.