Tsakanin Ɗakin Mace da Ƙofar Likita a Ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Ƙonni, ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta goga gefen Maraɗi, sa'an nan ta miƙe gabas ta bi Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta faɗa Tasawa, lalle zai shaida cewa gidajen likita sun yawaita a ƙasar nan fiye da yadda iyayenmu suka sani, domin kuwa tun daga shekarar 2001, lokacin da marigayi Shugaba Tandja Mamadu ya ɗauko shirinsa na musamman, aka yi ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyukan da a da ba su taɓa ganin ma'aikacin lafiya ba sai ranar rigakafi. A shekarar 2005 hukuma ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da jinyar yaran da ba su kai shekara biyar ba. Wannan alheri ne babba, ba mai musun sa sai wanda bai san halin da ake ciki a da ba.

Amma da aka gudanar da babban binciken lafiyar al'umma na ƙasar Nijar a shekarar 2012, sai aka tarar cewa cikin kowace haihuwa 100,000 mata 535 ne ke rasa ransu, kuma matan da ke haihuwa a hannun ma'aikacin da ya yi karatun aikin ba su kai ɗaya cikin uku ba. Binciken ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 bisa ƙiyasi, ta jihar Maraɗi kuwa 8.4, wato a tsawon rayuwarta takan durƙusa sau takwas ko fiye a bakin wannan hatsari. Wani binciken na 2021 ya nuna adadin ƙasa ya sauko zuwa 6.2, mun gode Allah, sai dai mas'alar da ta dame ni tana nan inda take: me ke tsare mace a ɗaki alhali ga likita an gina, ga doka ta ce a duba ta kyauta? Amsar da na gamsu da ita ita ce, hukuncin lafiyar mace a ƙauyukanmu ana yanke shi ne tun kafin ta ga ƙofar likita, kuma abubuwa biyu ke yanke shi, izini da guzuri, waɗanda galibi duka biyun ba a hannunta suke ba.

Masanan lafiya, tun daga wani nazari da Thaddeus da Maine suka fitar a 1994, sukan ce jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar fita, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon shi ya fi ɓuya ga hukuma, gama a cikin gida yake aukuwa, ba kuwa rajistar da ke rubuta shi. A ɗauki yarinya mai cikin fari, 'yar shekara goma sha shida, a wani ƙauye na Gangara ko na Cadakori, naƙuda ta taso mata bayan sallar isha. Tarbiyyar da aka yi mata ita ce kada a ji bakinta, musamman a kan ɗan fari, saboda haka sai ta ciji gefen zane ta yi shiru har sai surukarta ta lura da yadda take dafa bango. A kira ungozoma, a kawo rubutu da jiƙo, gari ya waye, rana ta take. Idan wata maƙwabciya ta ce, "Inna, yarinyar nan fa ta gaji, a kai ta likita," sai a ce mata, "Lokaci ne bai yi ba, mu ma haka muka haihu," ko kuwa a ce, "Maigidan bai ba da izini ba." Shi kuwa maigidan yana cin rani a Kano ko a Agadas, wayarsa ba ta shiga, ƙaninsa da ke gida ba ya so a ce ya yi shisshigi cikin iyalin yayansa. Kafin a same shi, a ranto kuɗi, a ɗaura wa shanu amalanke, an shiga dare na biyu.

Binciken nan na 2012 ya tambayi matan aure wane ne ke yanke hukunci a kan lafiyar jikinsu, kimanin uku cikin huɗu suka ce miji ne. Hausawa kuwa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, magana mai kyau wadda asalinta kira ne ga mata su tausaya wa juna, amma a aikace ta zama hujjar da namiji ke nisantar sha'anin ciki da haihuwa da ita, yana ganin tambaya ma abin kunya ne. Sai aka wayi gari wanda ya san ciwon ba shi da iko, wanda ke da iko kuma bai san ciwon ba.

Ya kamata mai iko ya san abin da sa'o'in nan ke aikatawa a jikin matarsa. Zubar jini bayan haihuwa, idan mahaifa ta kasa tsukewa ko mabiyiya ta ƙi fita, yana iya kashe mace cikin sa'a biyu, kuma ya fi saurin kayar da wadda dama jininta ya yi ƙaranci saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki da haihuwa a kusa a kusa. Jijjigar masu ciki, wadda mutane da yawa ke ɗauka aikin iskoki ne su nemi hayaƙi, asalinta hawan jini ne, ana gane shi tun a wurin awo, alamunsa kuwa kumburin fuska da hannuwa da ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Doguwar naƙuda ita ce ta fi ban tausayi: idan ƙugun uwa ya yi wa kan jariri kaɗan, kamar yadda yakan faru ga wadda ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba, sai kan ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina kai masa, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Galibi jaririn bai zo da rai ba, uwar kuma ta koma gidan iyayenta, wani sa'in da takardar saki. Tun 2012 akwai cibiyar ɗinkin wannan lalura a Danja, kudu da Maraɗi, kamar yadda aka daɗe ana yi a Babbar Ruga ta Katsina, kuma mata da yawa suna warkewa sarai. Amma a jihar Maraɗi da binciken 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na 'yan mata an aurar da su kafin shekara 18, ɗinki kaɗai ba zai ƙarar da masu jiran layi ba.

Sha'anin guzuri kuwa ya fi zurfi, kuma tushensa yana cikin ƙasa. A al'adar noman Katsinawa da Gobirawan Maraɗi akwai gandu, wato gonar gida wadda ke hannun maigida, akwai kuma gamana, ɗan yankin da ake yanka wa mace ta noma gero ko wake ko gyaɗa ko riɗi, amfaninsa nata ne, ta zuba a rumbunta, ta sayi akuya, ta yi biki, ta sayi magani ba tare da ta roƙi kowa ba. Da jama'a ta yawaita, har ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan uku da dubu ɗari huɗu a jihar, gonaki suka yi ta rarrabuwa wajen gado har suka ƙanƙance, sai gamanar mata ta zama farkon abin da ake janyewa. Marthe Diarra da Marie Monimart sun bayyana wannan al'amari a nazarinsu na 2006 a kan kudancin Nijar, inda suka nuna yadda ake hana matasan mata zuwa gona da sunan kulle ko da sunan hutar da su, alhali ainihin dalilin shi ne ƙasar da za a ba su ta ƙare. Matar da ba ta da gamana ba ta da rumbu, abin da ya rage mata shi ne ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura, waɗanda 'yarta za ta ɗauka talla maimakon zuwa makaranta, daga talla kuma sai aure.

Kada a ce ai magani kyauta ne. Ko da an yafe kuɗin likita, hanya ba kyauta ba ce: akwai kuɗin kabu-kabu, da man motar ɗaukar marasa lafiya in an tura mace babban asibiti a Maraɗi, da abincin masu jinya, da neman mai ba da jini. Bugu da ƙari baitulmali ya sha jinkirta biyan gidajen likita kuɗin ayyukan da suka yi kyauta, har magani ya yanke musu, sai a miƙa wa mai jinya takarda a ce ya sayo a waje.

A nan ne daraja ke raba mata gida-gida, ta hanyar da ba kowa ke lura da ita ba. Matar attajiri tana da mota a ƙofar gida, amma tsarinta ya fi tsanani, ba ta fita sai Alhaji ya ce. Matar talaka ƙafarta a sake take, tana zuwa rijiya da daji da kasuwa, amma in ta isa likita hannunta wayam. Uwargida mai manyan 'ya'ya maza tana da masu tsaya mata, amarya baƙuwa a gari ba ta da kowa sai surukarta, bazawara kuma takan ɓoye ciwonta don gudun bakin mutane. A ƙarshen layi akwai matan da rikicin 'yan bindiga ya koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori, waɗanda ba gona, ba dangi, wasu ba miji. Ko bayan an isa, daraja ba ta tsaya a bakin ƙofa ba: Jaffré da Olivier de Sardan, a littafinsu na 2003 a kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, sun nuna cewa mai sanayya ana tarbarsa da fara'a, baƙo marar kowa kuwa yakan sha tsawa da jira. Ba na ɗora laifin duka a kan ungozomomin likita, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ke kwana a kan mata da dama da fitilar hannu. Amma 'yar ƙauyen da aka yi wa tsawa sau ɗaya saboda ba ta jin Faransanci za ta gaya wa mata goma a bakin rijiya, su kuma su zaɓi ɗakinsu.

Wani abin lura ya faru a Gidan Rumji. Bayan yunwar 2005, wadda a cikinta ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, sai a 2007 ta raba abincin kariya ga yara kimanin 60,000 a wannan gunduma. Iyaye mata ne suka yi ta tattaki cikin rana da goyo a baya, ba a kuwa ji an hana su ba. Ashe ƙafa tana iya kaiwa, izini ma yana samuwa, in don yaro ne. Ita uwar ce kullum ke zuwa a ƙarshe.

Masu kafa hujja da addini ya kamata su koma ga littattafan da muka gada. Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar wanda alƙalanmu na Malikiyya ke hukunci da shi, ya lissafa ladan ungozoma cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji, tare da ci da tufafi da mazauni. Haƙiƙa malaman dauri ba su sa kuɗin maganin sauran cututtuka cikin wannan wajibi ba, amma sun keɓe haihuwa, gama ɗan nasa ne. Ungozomar wannan zamani kuwa ita ce ta gidan likita, guzurin isa gare ta kuma yana bin hukuncinta. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma fuƙaha'u sun halatta wa mace fita ba da izini ba idan ta ji tsoron gobara ko rushewar gida. Ban ga yadda za a ce jinin da ke kwarara bai kai wannan lalura ba.

Magani kuma ba daga nesa zai zo ba. A jihar Maraɗi ne a 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE, tsarin da ƙasashe masu yawa suka kwaikwaya daga baya: mata su zauna a kan tabarma kowane mako, kowa ta kwance bakin zanenta ta zuba abin da aka yi alkawari a cikin akwati, a ba da rance, a ware wani kaso don lalura, wanda ya sha fitar da mai naƙuda cikin dare. A Damagaram kuma a 2008 aka buɗe makarantun magidanta da taimakon hukumar UNFPA, inda mazan da gari ke ganin girmansu ke zama su fahimci awo da alamun hatsari, su kuma jawo 'yan'uwansu, tsarin ya kuwa iso jiharmu.

Saboda haka ina kira ga limamai da masu gari da hakimai na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, su sanar a masallatan Juma'a da wuraren suna cewa duk magidancin da zai tafi cin rani ya bar mace da ciki, ya furta izininsa a gaban shaidu tun kafin ya saɓa jaka, cewa in naƙuda ta wuce yini ɗaya, ko aka ga jini ko kumburi ko jijjiga, a kai ta likita ba sai an neme shi ba. Ya kuma ware kuɗin hanya tun da kaka, lokacin da gero ke hannu, ya danƙa mata a hannunta. Ku magidanta, wannan yana cikin nafaƙa, ku sauke shi kafin ku kama hanya.