Gambarar Zamani: Amsa-amo Kaɗai Ba Ya Yin Waƙa

Duk wanda ya ratsa Yelwa ko Rumde Ajiya a nan Garwa da yamma zai ji samarinmu suna rera gambarar zamani, wato rap, wasu da Faransanci, wasu da Hausa ko Fulatanci. Abin da ke damuna a matsayina na malami shi ne yadda masu yi da Hausa suka ɗauka cewa da zarar layuka sun ƙare da sauti ɗaya, waƙa ta haɗu.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Saboda haka amsa-amo a Hausa araha gare shi; yaron aji uku ma zai jera zuwa, tafowa, dawowa har gari ya waye. Fulatanci ma haka yake, yimɓe, worɓe, rewɓe, nahawu ne ya ba da kyauta.

Mutanen Koriya ta Kudu sun sha wannan matsala. Aikatau ne ke rufe jimlarsu, yawanci da "da" ko "yo". Bayan ƙungiyar Seo Taiji and Boys ta yaɗa rap a can a 1992, an daɗe ana jingina da waɗannan ƙarshen. Sai a 2001 Verbal Jint ya fitar da faifan Modern Rhymes, inda yake sauya tsarin jimla don wasulan gaɓoɓi biyu ko uku su dace da juna.

Mu kuwa muna da abin da ya fi haka a gida. Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suna riƙe ƙafiya ɗaya tun daga farko har ƙarshe, amma ƙarfin waƙarsu yana cikin kari, wato jeren gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Fara ta launi da fara ta ci a rubuce ɗaya suke, amma ta farko gaɓarta gajera ce, ta biyu doguwa. Ga kuma karin sauti: kukan jariri daban, kukar miya daban. Mawaƙin da ya matse doguwar gaɓa don ta shiga kiɗan da ya kwaso daga intanet, tsoho a kasuwa zai ji kalmar ta karye tun kafin ya gane maganar.