Waya ɗaya, aiki biyu

Wanda ya bi gadar Kennedy ya ƙetare kogi daga birnin Yamai, zai iske unguwar Lamorde. Can ne jami'ar Abdou Moumouni take, da babban asibiti. A manyan gine-gine irin waɗannan, akan liƙa wani ɗan farin akwati can sama kusa da rufi. Girmansa bai wuce faifai ba. Shi ne ke watsa wifi, wato intanet da salula ke kamawa ta iska.

Akwatin nan yana bukatar abu biyu, saƙo da wutar lantarki. Amma in mutum ya ɗaga kai, sau da yawa waya ɗaya tak zai gani. To, ta ina wutar take bi?

Ga yadda abin yake. Wayar da ake haɗa kwamfuta da ita, sunanta Ethernet. A cikinta akwai sirara guda 8 na jan ƙarfe, an tufke su bibbiyu. Da can saƙo kaɗai suke ɗauka. A shekarar 2003 masana suka daidaita kan hanyar da za a tura wuta ta cikinsu tare da saƙon. Masu gyara suna kiran dabarar PoE. Wutar tana tafiya shiru, kamar ruwa cikin lambatu. Saƙon kuma kamar motsin da ke bisa ruwan ne. Ba su hana juna tafiya.

Wutar ba mai yawa ba ce. Ta NIGELEC da ke shiga gidaje volt 220 ce. Wannan kuwa wajen volt 48 ce, kamar an jera batirin mota 4. Da farko wat 15 take bayarwa, a 2009 aka kai 30, a 2018 aka kai 90. Ta isa ta tada akwatin wifi, ko tarhon ofis, ko kyamarar tsaro.

Amfanin abin a fili yake. Ba sai an kira mai aikin lantarki ya ja wata waya zuwa rufi ba, kuɗin nan ya huta. Babban amfani kuwa sai lokacin bazara, da ake yawan ɗauke wuta. Dukan wayoyin suna fitowa ne daga uwar akwati ɗaya da ke cikin ɗaki. In aka haɗa uwar nan da batir, ko da farantin hasken rana, ƴaƴanta duka za su ci gaba da aiki. Batir ɗaya ya wadatar, ba sai kowane akwati da nasa ba. Wannan ya dace ƙwarai da makaranta ko likitar ƙauye.

Sai dai akwai inda ake asara. Uwar akwati ta kirki ba ta sakin wuta sai ta fara gwada na'urar da ɗan ƙarfi kaɗan, ta ga ko za ta karɓa. Amma akwai wasu ƙananan akwatuna masu araha da ba su yin gwajin nan. Da an sa waya, sai wuta. In ƙarfin bai dace ba, na'ura ta ƙone. Don haka kafin a saya, a sa mai karatu ya duba volt ɗin da aka rubuta a jikin kowanne.

Tsawon waya kada ya wuce mita 100. In ya wuce, saƙo da wuta duka sukan yi rauni.

Ita kanta wayar akwai ta jabu a kasuwa. Cikinta alminiyom ne, an shafa masa jan ƙarfe a baya. Tana yin zafi, tana cinye wuta a hanya, tana kuma saurin karyewa. Gane ta ba wuya. A feɗe bakin wayar, a kankare silli ɗaya da wuƙa. In ja ne har ciki, ta gaske ce. In fari ya bayyana, a mayar wa mai kanti kayansa.