Dashen Da Ya Langaɓe

Unguwar Jakara tana cikin birnin Kano, kusa da Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Gidajen unguwar a matse suke, katangunsu kuwa dogaye ne, saboda haka rana ba ta daɗewa a tsakar gida. Duk da haka mutane sukan dasa shuwaka, ko zogale, ko lalle a gindin katanga ko cikin tsohuwar tukunya.

Waɗannan itatuwa ba tilas sai an shuka irinsu ba. Akan yanko reshe mai ƙwari, a kafa shi cikin ƙasa mai laima, ya yi saiwa, ya tofo. Amma sau da yawa sai ka ga tohon ya zarce sama, siriri kamar tsinken tsintsiya, ganyensa fari-fari, nesa da juna. Kafin a jima ya langaɓe. Yaro ya gani, ya ce ƙishirwa ce, ya yi ta kwarara masa ruwa. To, nan ya yi kuskure.

Abin da ke damun dashen nan yunwar haske ce. Da hasken rana ganye yake haɗa wa itace abinci. In an ajiye dashe a inuwa, sai ya yi ta miƙa wuya yana neman rana, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tsawo, bai yi kauri ba. Yawan ruwa kuwa ruɓar da saiwa yake yi.

Ga magani. Da fari ka matsar da tukunyar inda hantsi zai same ta. Kada ka fid da ita cikin zafin rana gaba ɗaya, don ganyen da ya saba da inuwa ƙonewa yake yi. Kullum ka ƙara mata lokaci kaɗan, har kamar kwana 7. Ka riƙa juya ta, don kowane gefe ya sami rabonsa.

Sa'an nan ka tsinke kan tohon, daidai bisa gaɓa. Kada ka ji tausayi. Muddin kan nan yana nan, shi ke hana idanun da ke ƙasa tofowa. Da ka cire shi, sai rassa su fito ta gefe, dashen ya yi kauri.

Bayan haka ka kafa kara, ka ɗaure dashen da tsumma sako-sako, har ya iya tsayuwa da kansa. Ruwa kuwa, sai ka soka yatsa ka ji ƙasa ta fara bushewa tukuna. Ka tabbata gindin tukunyar a huje yake.

Kada ka bari sai gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Me ke sa dashe ya yi tsawo siriri?
2. Don me ake tsinke kan toho?
3. Yaya za ka san lokacin ba dashe ruwa ya yi?