Uwar da Aka Ɗaure Don Ba Ta Yi Kuka Ba

Daren 17 ga Agusta, 1980, a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke gindin dutsen Uluru a tsakiyar Ostireliya, wata mata mai suna Lindy Chamberlain ta fito daga tanti tana kururuwa cewa dingo, wato karen dajin ƙasar, ya ɗauke mata jaririyarta Azaria. Makon Azaria tara da haihuwa. Aka bazama cikin duhu da tociloli, ba a gan ta ba. Bayan mako guda aka tsinci kayan jikinta jina-jina. Gawa kuwa har yau babu labarinta.

Binciken farko ya gaskata uwar, amma jama'a suka ƙi. Sun gan ta a talabijin ido a bushe, tana amsa tambayoyi a natse. Ga shi ita da mijinta Michael mabiya cocin Seventh-day Adventist ne, wanda yawancinsu ba su san kansa ba. Jita-jita ta bazu cewa sunan yarinyar yana nufin hadaya a jeji, alhali ƙarya ce. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ƙasa guda ta tambayi fuskar Lindy, ta yanke hukunci, sannan aka shiga neman hujja.

Aka kuwa samu. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta shaida cewa akwai jinin jariri a ɓangaren gaba na cikin motarsu. Masu gabatar da ƙara suka ce a nan uwar ta yanka 'yarta. Ita kuma ta dage cewa Azaria tana sanye da wata 'yar rigar sanyi ta saƙa a bisa kayanta. Tunda ba a ga rigar ba, aka ce ƙirƙirarta ta yi. A Oktoban 1982 kotu a Darwin ta yi mata ɗaurin rai da rai tana da tsohon ciki, ta haihu a tsare.

Bakin zaren ya fito daga inda ba a zata ba. A farkon 1986 wani Baturen Ingila ya faɗo daga dutsen ya mutu. Ana neman sassan gawarsa a wurin da ramukan dingo suke, sai ga rigar saƙar nan. Cikin 'yan kwanaki aka saki Lindy.

Daga nan kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Trevor Morling ya koma kan motar. Abin da aka kira feshin jini ashe sinadari ne da kamfani ke fesawa don rage ƙarar mota, har an ga irinsa a wasu motocin. Aka kuma waiwayi shaidun da aka yi wa riƙon sakainar kashi: maƙwabciyar tanti da ta ji kukan jaririyar bayan lokacin da aka ce an kashe ta, da 'yan asalin yankin, gwanayen bin sawu, da suka ga sawun dingo yana ɗauke da wani abu. A 1988 aka soke hukuncin.

Saura masu cewa dingo ba ya taɓa mutum. A 2001 karnukan suka kashe yaro ɗan shekara tara a tsibirin Fraser. Sai a 2012, bayan kusan shekara 32, hukuma ta rubuta a takardar mutuwar Azaria cewa dingo ne ya kashe ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar da Lindy ta faɗa a daren farko ita ce gaskiya, kuma masu tabbatar da ita suna nan tun a daren. An toshe kunne ne saboda baƙin cikinta bai zo da kamar da ake so ba. Wani in ya yi rashi birgima yake, wani kuwa ƙamewa yake kamar dutse, kuma duk ciwon ɗaya ne. Wanda ya ɗauki bushewar ido a matsayin shaida, zai ga jini ko a inda babu shi.